DARASI NA TARA: SHUKA FUREN RUDBEKIYA DAGA IRI

9.1 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibai sukan shuka iri a lambun makaranta, su yi ta ban ruwa, amma ya ƙi tsirowa, daga nan sai a yanke hukuncin cewa irin ya mutu. Alhali kuwa wani irin barci kawai yake yi, yana jiran yanayin ƙasar da ya fito. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wannan al'amari ta hanyar nazarin wani fure na Arewacin Amurka mai suna Rudbekiya.

9.2 Asali da Kamanni

Rudbekiya ɗan'uwan furen rana ne, domin danginsu ɗaya. Tsawonsa yakan kama daga santimita 30 zuwa mita ɗaya. Furensa rawaya ne, tsakiyarsa kuma baƙi-baƙi kamar ƙwayar ido, shi ya sa Amurkawa suke kiransa da sunan da ke nufin "Suzan mai baƙin ido". A shekarar 1918 jihar Meriland ta ɗauke shi a matsayin furen jiha. Sunan Rudbekiya kuwa masanin tsirrai Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya raɗa shi, ya kuma tabbatar da shi a littafinsa na 1753, don karrama malaminsa Olof Rudbeck na Jami'ar Uppsala da mahaifin malamin.

Nau'i biyu suka fi shahara. Rudbeckia hirta ba ya daɗewa, yakan yi shekara biyu ko kaɗan fiye da haka. Rudbeckia fulgida kuwa yakan shekara da shekaru: ganyensa ya bushe da hunturu, saiwarsa ta sake toho idan sanyi ya wuce.

9.3 Barcin Iri

A ƙasarsa ta asali, irin Rudbekiya yakan zuba ƙasa ne gab da shigowar hunturu. Da zai tsiro a lokacin, da ƙanƙara ta kashe tsiron. Saboda haka sai ya kwanta cikin danshi da sanyi, ba zai farka ba sai ɗumi ya dawo. Wannan hali ya fi ƙarfi a nau'in da ke daɗewa.

Irin wannan barci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, sai dai dalilinsa ya bambanta. Irin gawo da na bagaruwa da na kuka suna da ɓawo mai tauri da ke hana ruwa shiga. Masu renon itatuwa sukan jiƙa su a ruwan zafi ko su kankare gefen ɓawon. Haka kuma irin gawo yakan tsiro cikin sauƙi bayan dabba ta ci shi ta kasayar. Wato ke nan, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: wani iri sanyi ke tashinsa, wani kuwa sai an fasa masa ɓawo.

9.4 Matakan Shuka

Manoman lambu a Amurka sukan bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta farko, su watsa irin a fili kafin hunturu, su bar sanyi ya yi aikinsa. Ta biyu, su kwaikwayi hunturun da kansu, kamar haka:

i. A gauraya irin da rairayi mai danshi, a ƙulle a leda, a ajiye a firji kimanin kwana 30. Ba a sa shi a wurin da ruwa ke daskarewa.

ii. A cika ƙananan tukwane da ƙasa mai laushi wadda ba ta riƙe ruwa.

iii. A ɗora irin a kan ƙasar, a ɗan danna shi da yatsa. Kada a binne shi kamar gero ko dawa, domin yana bukatar haske kafin ya tsiro. A nan ne mafi yawan masu koyo suke yin kuskure.

iv. A riƙa yayyafa ruwa a hankali don kada irin ya nutse. Idan ɗumi ya kai kimanin digiri 21 a ma'aunin Salshiyos, yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa uku.

v. Idan tsiron ya yi ƙwari, a dasa shi inda rana ke samunsa aƙalla awa shida a yini, da tazarar santimita 30 zuwa 45.

9.5 Kulawa

Nau'in da ke daɗewa galibi ba ya fure sosai a shekarar farko. Ganye kawai yake shimfiɗawa, ƙarfinsa duk yana tafiya ga saiwa, sai a shekara ta biyu yake cika da fure. Wanda bai san haka ba zai iya tumɓuke shi da zaton ya lalace. Ana zuba ruwa a gindi, domin jiƙa ganye kullum yana jawo cuta. Cire busasshen fure yana sa wani ya fito, amma akan bar na ƙarshe don a sami iri, tsuntsaye ma su ci. Bayan shekara uku ko huɗu akan tono gindin a raba shi, a sake dasawa.

9.6 Kammalawa

An ga cewa rashin tsirowar iri ba kullum ke nufin mutuwarsa ba. Wajibi ne malami ya binciki asalin kowane iri kafin ya miƙa wa yara, domin yaron da shukarsa ta farko ta ƙi fitowa ba tare da an bayyana masa dalili ba, da wuya ya sake sha'awar aikin lambu.

Tambayoyi

1. Mene ne barcin iri, kuma wane amfani yake yi wa tsiro?
2. Kwatanta yadda ake farkar da irin Rudbekiya da yadda ake farkar da irin gawo.
3. Kawo ma'anar waɗannan kalmomi: toho, dashe, danshi, tazara, tumɓuke.
4. Tsara darasin minti 35 don koya wa 'yan aji biyar na firamare matakan shuka zogale daga iri.