Amsar Tambaya: Banki Zai Iya Sayar da Gidana?

Malam, idan ka kasa biyan bashin da ka ci, bankin yana da ikon sayar da gidan da ka jinginar, amma ba yadda ya ga dama ba. Duba takardar da ka sa wa hannu. Idan cikakkiyar jingina ce da amincewar gwamna, kamar yadda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanada, zai iya yin gwanjonsa bayan ya ba ka sanarwa. Idan kuwa takardar mallaka kawai ka ajiye musu, sai da umarnin kotu. Za ka ce gidan ya fi bashin daraja. Gaskiya ne, shi ya sa rarar kuɗin taka ce bayan an cire bashi, kuɗin ruwa da na gwanjo. Sai dai gwanjo bai cika kawo farashin kasuwa ba. Ka nemi lauya, ku roƙi wa'adi a rubuce, ka sayar da kanka.