DARASI: KUƊIN CACA A GABAN MAI HARAJI DA MAI DUWAN, MISALIN MATAFIYAN KANADA



Ya ku ƴan uwa musulmi, ƴaƴanmu da ƙannenmu da dama suna zaune a ƙasar Kanada, wasu don neman ilimi, wasu don neman abinci. A can gidajen caca a buɗe suke bisa izinin hukuma, kuma mutanen ƙasar sukan ƙetara iyaka zuwa Amurka, su je Las Vegas ko Detroit ko Niagara su yi caca. Magana tana yawo a bakin matasa cewa kuɗin caca a Kanada ba su da haraji, don haka riba ce tsantsa. Mun ga ya dace mu warware wannan magana, domin iyaye su san abin da za su faɗa wa ƴaƴansu da hujja. A lura: dalar da za mu ambata ta Amurka ce ko ta Kanada, kada a haɗa ta da dalar kasuwarmu.

Na farko: abin da Amurka take cirewa

Dokar Amurka ta ɗora wa baƙon da ba mazaunin ƙasar ba harajin kashi 30 cikin 100 a kan abin da ya ci a caca. Gidan cacar ne yake cire kuɗin tun kafin su shiga hannun mai su, ya miƙa wa hukumar haraji, sannan ya ba shi takardar shaida mai suna 1042-S. A na'urar caca wadda ake zuba wa kuɗi, ana tsayar da mutum a rubuta sunansa idan rabonsa ya kai wani adadi: dala 1,200 ne daga 1977 zuwa 2025, aka ɗaga shi zuwa 2,000 a 2026. Wasu wasannin tebur, kamar blackjack da baccarat da roulette, doka ta keɓe su daga wannan cirewa.

Mu ɗauka wani mazaunin Toronto ya ci dalar Amurka 10,000 a na'ura cikin 2025. Za a riƙe 3,000, a ba shi 7,000. Yarjejeniyar haraji da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 1980, aka yi mata gyara a 1995, ta ba mazaunin Kanada damar ya cire asarar da ya yi a cacar Amurka daga cikin abin da ya ci a wannan shekara. Idan ya tabbatar da asarar 6,000, harajinsa ya koma kan 4,000, wato 1,200, sai a mayar masa da 1,800. Sai dai mayarwar ba ta zuwa da kanta. Tilas ya nemi lambar mai biyan haraji ta Amurka, ya cike takarda mai suna 1040-NR, ya ajiye shaidar asararsa, kuma ya nema cikin shekara 3. Wata doka da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta tanadi cewa daga 2026 kashi 90 cikin 100 na asarar kaɗai ake cirewa. Wannan dama kuwa ta mazaunan Kanada ce. Wanda ya taso daga Yamai ko Maraɗi ba shi da ita, domin babu irin wannan yarjejeniya tsakanin Nijar da Amurka.

Ku dubi wannan al'amari da kyau: mutum ba ya samun a mayar masa da kome sai ya zauna ya rubuta da hannunsa yawan abin da ya ɓatar. Da yawa sai a wannan zama suke gane cewa abin da suka zuba ya fi abin da suka ɗauka. Haka aka gina sana'ar tun asali. Faifan roulette na Amurka yana da gurbi 38, amma wanda ya dace da lambarsa ninki 35 ake biyansa, don haka a tsawon lokaci gidan yana riƙe fiye da dala 5 a kowace 100 da aka zuba.

Na biyu: abin da Kanada take cewa

Gaskiya ne Kanada ba ta karɓar haraji a kan abin da mutum ya ci a caca, ko a gida ko a waje, muddin bai mayar da caca sana'arsa ba. Dokarsu tana kallon kuɗin kamar tsintuwa. Wanda ya mayar da ita sana'a, ana iya lissafa shi cikin ƴan kasuwa a karɓi haraji a hannunsa. Haka kuma duk abin da kuɗin suka haifa daga baya, a banki ko a wani jari, yana da haraji.

Na uku: a gaban ma'aikacin duwan

Wannan sashe ya shafi kowane matafiyi, mai caca da wanda bai taɓa kusantar ta ba. Bisa dokar Kanada ta shekarar 2000 mai yaƙi da wanke kuɗin haram, duk wanda zai shiga ƙasar ko zai fita ɗauke da abin da ya kai dalar Kanada 10,000, wato kimanin sefa miliyan 4 a canjin 2025, wajibi ne ya bayyana wa duwan a takarda mai suna E677. Ana haɗa tsabar kuɗi na kowace ƙasa da ceki da makamantansu a yi jimilla ɗaya. A canjin 2025, dalar Amurka 8,000 ta riga ta wuce wannan iyaka. Amurka ma tana da irin wannan doka ga abin da ya haura dalarta 10,000, a shiga da fita.

Bayyanawa ba ta da ko sisin haraji, kuma ba a ƙayyade yawan abin da mutum zai ɗauka ba. Laifin yana cikin ɓoyewa. Wanda ya ɓoye aka gano, ana ƙwace kuɗin, sai ya biya tara kafin a mayar masa; idan kuwa ana zargin na laifi ne, ana riƙe su gaba ɗaya har sai ya kawo hujja. Mun san al'adarmu: idan mutum zai zo gida, wannan ya ba shi saƙon mahaifiya, wancan ya ba shi kuɗin gini, wani na ragon layya. Kafin ya ankara abin da ke jakarsa ya wuce iyaka. Tsoron kada a cire masa wani abu ya sa ya yi shiru, sai dukiyar bayin Allah ta salwanta a hannunsa. Garin neman gira an rasa ido.

Na huɗu: hukuncin shari'a

Rashin haraji bai wanke kuɗin caca ba. Hukuma tana magana a kan rabonta ne kawai, ta ce ba ta so. Halal da haram kuwa Allah ne Yake ajiye su. Alƙur'ani ya ambaci caca da sunan maisir. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, an haɗa ta da giya, aka umarce mu da nisantar ta, aka faɗi illarta: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala ga barin ambaton Allah da salla. Kowace dalar da mai caca ya ɗauka daga aljihun wani ta fito, ba tare da ciniki ko aikin da ya yi masa ba. Wannan hukunci ɗaya ne a Las Vegas da kuma a rumfar tikitin tseren dawaki da ke bakin kasuwarmu.

To, wanda ya riga ya faɗa ciki, kuɗin suna hannunsa, yaya zai yi? Ga abin da malamai suka karantar:

1. Ya tuba, ya yi nadama, ya ƙudura ba zai koma ba.

2. Ya fitar da abin da ya ci daga dukiyarsa. Idan an san wanda aka ci kuɗinsa, a mayar masa. Idan ba a sani ba, kamar yadda yake a manyan gidajen caca, a ba matalauta ko a sa a aikin amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da haram, ba tare da jiran ladan sadaka ba.

3. Zakka ba ta tsarkake su, domin zakka a dukiyar halal take.

4. Kada ya yi guzurin hajji da su. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa suna ganin farillar ta sauka amma yana da zunubi. A sananniyar maganar Ahmad bin Hambali kuwa hajjin bai inganta ba.

5. Kada ya ƙara ƙarya a kan caca. Wanda ya karɓi izinin shiga wata ƙasa ya ɗauki alkawarin bin dokarta a abin da ba saɓon Allah ba, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida a kan cika alkawari take. Idan ma'aikacin duwan ya tambaye shi nawa yake ɗauke da shi, kuma daga ina, ya faɗi gaskiya.

Nasiha

Ya ku iyaye, idan ɗa ya aiko da kuɗin da suka fi ƙarfin aikinsa, ku tambaye shi da taushin murya inda suka fito, kafin ku sa masa albarka a kansu. Ya ku matafiya, ku ƙirga abin da ke hannunku tun a gida, ku rubuta sunan mai kowane saƙo da adadinsa, ku riƙe takardar banki ko ta wurin canji, ku bayyana kafin a tambaye ku. Abin da ya yi yawa, a aika shi ta banki ya fi aminci.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, Ya tsare ƴaƴanmu a duk inda suke, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.