Yadda Ake Zaɓar Injin Ɗaure Ciyawa Da Kayan Ɗaukar Dami A Ƙaramar Gona

Daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko, abincin dabbobi kan yi tsada a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, harawa da busasshiyar ciyawa su zama kayan kasuwa. Wannan ya sa manoma da dama ke sha'awar sayen injin ɗaure ciyawa, wanda ake kira bela, domin su tara abincin a ƙarshen damina su sayar ko su ciyar da rani. Sai dai injin yana da tsada, kuma wanda ya sayi irin da bai dace da gonarsa ba zai ɗaure jarinsa a ƙarfen da ba ya aiki. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara lissafi daga ƙarshen aikin: wa zai sayi damin, da me za a ɗaga shi, kuma a ina za a ajiye shi. Amsar waɗannan tambayoyi ce ke nuna injin da ya kamata a saya.

Nau'o'in injin da ke kasuwa

Na farko shi ne mai fitar da ƙaramin dami mai siffar bulo. Kamfanin New Holland na Amurka ne ya fara sayar da irinsa mai kwasa da ɗaurewa da kansa a 1940, kuma har yau tsarin aikinsa bai sauya sosai ba. Damin yana da faɗin santimita 46, tsayin 36, tsawonsa kuma kusan 90, nauyinsa kilo 18 zuwa 25. Tarakta mai ƙarfin doki 35 zuwa sama tana iya jan sa.

Na biyu shi ne mai naɗe ciyawa ta fito kamar ganga. Gary Vermeer ne ya fito da babban irinsa a jihar Ayowa ta Amurka a 1971. Dami mai faɗin mita 1.2 da tsayin mita 1.2 yakan kai kilo 200 zuwa 300, kuma injin yana son tarakta mai ƙarfin doki 50 zuwa sama. Akwai ƙaramin samfurinsa da ke fitar da dami mai kimanin santimita 50 a 70, nauyin kilo 15 zuwa 25, wanda ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 20 zuwa 30 ke iya juyawa.

Na uku shi ne mai fitar da babban bulo, wanda dami ɗaya ke iya haura kilo 400. Yana buƙatar tarakta mai ƙarfin doki fiye da 100, don haka na manyan gonaki ne, ƙaramin manomi ba shi da buƙatarsa.

Wa zai sayi damin?

Mafi yawan masu sayen ciyawa a garuruwa irin su Kano, Zariya, Katsina da Maraɗi masu kiwon gida ne: mai turken shanu biyu ko uku, mai kiwon ragunan layya, mai dawaki. Irin waɗannan suna zuwa ne da amalanke, a-kori-kura ko Keke Napep, su ɗauki abin da zai ishe su mako ɗaya ko biyu. Dami mai kilo 20 mutum ɗaya ke ɗaga shi, yana shiga ƙofar gida, kuma ana iya sayar da shi ɗai-ɗai. Dami mai kilo 250 kuwa babu mai sayensa sai gonar madara ko wurin kiwo mai tarakta. Saboda haka manomin da kasuwarsa ta masu kiwon gida ce, ƙaramin dami ne nasa. Wanda zai ciyar da garkensa a cikin gonarsa, kuma leburori ke masa wahalar samu, shi ne mai ribar babban dami mai siffar ganga.

Lissafin aikin ɗauka

A ɗauka gona ce mai hekta 5, kowace hekta ta ba da tan 4 na busasshiyar ciyawa, jimla tan 20. Idan an ɗaure da ƙaramin bulo mai kilo 20, za a samu dami 1,000, kuma kowanne sai an ɗaga shi aƙalla sau biyu, a ɗora a tirela sannan a sauke a jera. Idan da babbar ganga mai kilo 250 ce, dami 80 ne kacal, amma ko ɗaya ba ya ɗaguwa da hannu.

Ga mai ƙaramin dami, tirela mai shimfiɗaɗɗen baya da mutum uku ko huɗu sun wadatar. A ƙasashen da lebura ke tsada ana ƙara na'urar da ke jera dami takwas ko goma a ƙasa, da wani hannu mai ƙugiyoyi da ke kwashe su lokaci ɗaya. A inda ake samun ma'aikata cikin sauƙi, wannan kashe kuɗi ne da za a iya jinkirtawa.

Ga mai babban dami, dole ne a sa kuɗin kayan ɗagawa cikin farashin injin tun farko. Mafi arha shi ne mashin ƙarfe da ake ɗaurawa a bayan tarakta, ya soke dami ya ɗaga shi kaɗan daga ƙasa. Yana kai dami daga wuri zuwa wuri, amma ba ya iya ɗora shi a mota ko jera shi sama. Wannan aikin na lodar gaba ne mai mashi. Idan za a yi amfani da loda, sai a duba nauyin da aka rubuta tana ɗauka, a sa wani nauyi a bayan tarakta domin kada ƙafafun baya su tashi, a kuma yi tafiya da damin ƙasa-ƙasa. Ɗaga dami a cikin bokitin loda haɗari ne, domin yana iya gangarowa ta kan hannuwan lodar ya danne direba.

Ƙarfin tarakta da yanayin gona

Bela tana karɓar ƙarfi ne ta sandar PTO da ke bayan tarakta, kuma ƙananan injuna suna aiki ne a juyi 540 a minti ɗaya. Ƙarfin da ke isa wannan sanda bai kai wanda aka rubuta wa injin taraktar ba, don haka lambar PTO ce ya kamata a kwatanta da buƙatar bela. Tarakta irin Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, wadda ta yawaita a Najeriya, tana ɗaukar ƙaramar bela mai bulo da kuma mai ganga ta mita 1.2. Mai ganga tana kuma buƙatar mahaɗar bututun haidurolik domin buɗe ƙofar baya.

Bela ba ta yanka ciyawa, kwasa kawai take yi. Kafin ta shiga gona sai an yanke, an shanya, an tara ciyawar layi-layi da manjagara. Haƙoranta na kwasa suna tafiya dab da ƙasa, don haka kunya, kututture da duwatsu suna karya su. Gonar da aka shuka gamba ko ciyawar Rodes a shimfiɗe ta dace da injin. Gonar gyaɗa ko wake da aka yi wa kunya ba ta dace ba. A nan gara a tara harawar wuri ɗaya, a yi amfani da injin ɗauri na girke da ake zuba wa da hannu.

Danshi da wurin ajiya

Ƙaramin bulo ana ɗaure shi idan danshin ciyawa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, babbar ganga kuma kashi 18. Idan ya haura, damin yakan yi funfuna, ya ɗauki zafi, har ya iya kamawa da wuta da kansa cikin makonni shida na farko. Zafin cikin dami da ya kai digiri 65 a ma'aunin Salshiyos alama ce ta haɗari. Na'urar auna danshi mai tsinke da ake sokawa cikin dami ba ta kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin rumfa guda ta ciyawa. Bushewa fiye da kima ita ma matsala ce ga harawa da lablab, domin ganyen da ya fi amfani yakan kakkaɓe. Shi ya sa ake ɗaure su da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Ƙaramin bulo ba ya jure ruwa, sai an sa shi a rumfa ko an rufe da tampol. Mai ganga ya fi juriya, amma shi ma yana asara: a dami mai faɗin mita 1.2, santimita 10 na waje kaɗai sun kai kusan kashi 30 cikin 100 na ciyawar. Kowane iri aka zaɓa, a ɗora shi kan katako ko tsakuwa saboda laima da gara.

Abin dubawa kafin a biya

A ƙaramar bela mai bulo, na'urar ƙulli ce ta fi ba da wahala. Mai sayen na hannu ya nemi a ɗaure dami ashirin ko talatin a gabansa ya ƙirga nawa suka kwance. A mai ganga, bel, sarƙa da boris ne ke cinyewa, kuma boris da ya yi zafi cikin busasshiyar ciyawa yana tayar da gobara, don haka tukunyar kashe wuta ta zama cikin kayan aiki. A tambaya ko ana samun igiya, haƙoran kwasa da ƙusar kariya, wato wadda aka yi don ta karye idan injin ya cije, a garin da ke kusa, da kuma bakanike da ya san injin. Lokacin ɗaurin ciyawa 'yan makonni ne, injin da ya kwana goma yana jiran kayan gyara ya rasa kakar. Igiyar roba kuma a riƙa tsince ta kafin a ba dabbobi ciyawa, domin tana taruwa a tumbinsu.

Wanda ciyawarsa ba ta wuce 'yan tan kaɗan ba, sayen injin ba lallai ba ne. Masu kiwo a Kenya da Tanzaniya suna amfani da akwatin katako mai tsawon kusan mita ɗaya: a shimfiɗa igiya biyu a ciki, a zuba ciyawa, a tattake, a ɗaure. Kafinta na iya haɗa shi a yini ɗaya. Daga nan sai haya ko haɗa kuɗi da maƙwabta a ƙungiya. Manomi ya fara rubuta tan nawa yake samu a shekara, kuɗin ɗaurin kowane dami ta haya, da farashin da yake sayarwa da rani; idan wannan lissafi na shekara biyu ya nuna ribar za ta biya injin da kayan ɗagawarsa tare, lokacin saye ya yi.