Yadda ake mayar da tsohon ɗakin bayan gida wurin aiki da lambun miya a Maiduguri

Gidaje da yawa a Maiduguri, daga Gwange zuwa Bulumkutu da Bolori, suna da wani ɗaki a baya da aka daɗe da kullewa, ko tsohon sito ne, ko ɗakin kaji, ko garejin da mota ta daina shiga. Irin wannan ɗaki kan zama wurin ɗinki, ko ofis, ko ɗakin karatu, filin gabansa kuma ya ciyar da tukunyar miya. Amma a garin da zafi kan haura maki 40 daga Maris zuwa Mayu, wanda ya fara da sayen sola kafin ya gyara rufi ya fara daga ƙarshe.

A fara da kwashe tarkace a hankali, saboda kunama da maciji. Sannan a kira birkila ya duba gindin bango. Ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, da ta biyo bayan ɓallewar dam ɗin Alau, ta bar ruwa kwance a unguwanni da dama kwanaki. Bangon da ya sha ruwa yakan nuna: yaɓe na ɓarewa, farin gari kamar kanwa na fitowa a ƙasa, tsaga na hawa a karkace. Tsagar da yatsa ke shiga ba ta fenti ba ce, sai an rushe wannan ɓangare. A ƙwanƙwasa katakon rufi kuma. Idan ya yi ƙarar wofi, gara ta cinye cikinsa. Tsoffin wayoyin wuta a cire su duka. In za a sake daɓe, a ɗaga shi sama da tsakar gida.

Rufi shi ne babban aikin. Kwano tsirara yana mayar da ɗaki tanda da azahar. A toshe inda yake yoyo, a shafa masa farin fenti ta sama, a sa silin, a bar tazara tsakaninsa da kwanon, da ƙananan kafofi a bango ta ɓangarori biyu domin iska mai zafi ta samu hanyar fita. A sa musu raga, in ba haka ba jemagu za su tare. Tagogi su fuskanci juna, ɗaya kudu ɗaya arewa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, shi ya sa ɗaki ke ci gaba da huci har bayan isha'i. A kafa masa rumfar zana, ko a jera zogale ɗan nesa da shi. Dogon yaro inuwarsa ta fi, amma saiwarsa na ɗaga daɓe, kuma kayan lambu ba sa yin kirki a ƙarƙashinsa.

Sai yanzu maganar wuta. Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a yi musu bayanin amfanin sola, tun da aka lalata layin wutar da ke zuwa daga Damaturu a farkon 2021 garin ya daɗe cikin duhu. A lissafa abin da za a kunna kafin a je kasuwa: fanka, ƙwan lantarki biyu, kwamfuta ko keken ɗinki. Farantin sola ya ɗan karkata kudu, a riƙa goge masa ƙura lokacin hunturu. Batir ya zauna a wuri mafi sanyi, domin zafi na rage masa kwana.

A ɗaura indararo a bakin kwano ya zuba cikin tanki. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 20 a daminar da ta ba da milimita 500 zai zubo kusan lita 10,000. A bar ruwan farko ya wanke kwanon, a kuma rufe tankin saboda sauro.

Ƙasar yawancin gidajen garin rairayi ce, ruwa na zurarewa nan take. Maganinta taki. Kashin awaki ko na shanu daga Kasuwar Shanu a tara shi, a yayyafa ruwa, a rufe har ya huce ya daina wari. Ɗanye ƙona shuka yake yi. Fangali ya zama mai ɗan zurfi don ya riƙe ruwa, a lulluɓe shi da buntun shinkafa ko busasshen ganye. Inda ambaliya ta kwaso ruwan masai, ko inda aka daɗe ana zubar da baƙin mai, kada a shuka abin ci a ƙasa. A kawo sabuwar ƙasa, a cika buhuna, a huda gindinsu.

Da damina a shuka kuɓewa, yakuwa, lalo da alayyafo. Tumatir, albasa, karas da latas su jira Oktoba ko Nuwamba, domin tumatir zubar da fure yake yi a zafin bazara. Ban-ruwa da sassafe ko da yamma. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk a tara wa shuka, ban da na omo. Idan ƙwari sun sauka, a daka ganyen dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. A kewaye wurin da raga ko zana tun ranar farko, don akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu.

Mai niyya ya fara aikin ginin da sanyin Disamba, ya tabbata indararo da tanki suna wurinsu kafin ruwan Yuni ya sauka.