Littafin Jama'a: Yadda A Ke Ajiye Sani Domin Yanke Shawara

Ya kai mai karatu, yanzu da ka iya haɗa baƙi, ka iya rubuta sunanka da na garinku, ya kamata ka san wani babban aiki da rubutu ya ke yi. Aikin nan shi ne tsare sanin jama'a, domin ran da za su yanke shawara su sami abin dogara. Ko ƙungiyar manoma ce, ko majalisar dagaci, duk inda mutane suka haɗa dukiya, lalle wata rana su zauna su ce, "Me za mu yi?" In ba su da sani a ajiye, sai mai babbar murya ya rinjaya, ko da shi ne ya fi kowa kuskure.

1. Sanin da ke cikin kai

Kowane gari yana da dattijon da ya san iyakar gonaki, ya san shekarar da rijiya ta ƙafe, ya san wanda ya ci bashi bai biya ba. Sanin nan dukiya ne, amma rumbunsa ba shi da tabbas, gama mutum ya kan manta, ya kan ƙaura, kuma kowa mai mutuwa ne. Ko an rubuta ma, in takarda ɗaya ce a wuri ɗaya, ba ta tsira ba tukuna.

Dubi 'Yandoto, kusa da Tsafe. A da babban garin malamai ne, almajirai su kan zo daga nesa neman karatu, har yau kuwa sarautar Tsafe da sunan nan a ke kiranta. A zamanin jihadi yaƙi ya ci garin, malamansa suka watse, abin da ya iso mana na rubutunsu kaɗan ne. Amma littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello suna hannunmu, domin almajirai sun yi ta kwafe su, gari bayan gari. Ka ga abin da aka kwafa, aka rarraba, shi ya ke daɗewa.

2. Yadda aka yi a zamanin En'e

Sa'ad da Tsafe da Gusau da Bunguɗu su ke gundumomi a ƙarƙashin En'en Sakkwato, kowace shekara a kan yi ƙidayar haraji. Masu unguwa su kai wa dagaci sunayen magidanta, malamin hakimi ya rubuta, a aika Sakkwato. Da damina kuma a ƙidaya shanu domin jangali. Bisa lissafin nan ne Baitulmali ya kan yi kasafin shekara, watau a san nawa za a samu, nawa za a kashe wajen albashi da rijiyoyi da hanyoyi.

To, lura da abin da ya kan faru in lissafin ya ɓaci tun daga ƙasa. In mutum goma sun ƙaura daga ƙauye, ba a soke sunansu ba, sai harajinsu ya hau kan waɗanda suka rage. In nauyi ya yi musu yawa, su ma su tashi. Wanda ya ke zaune a Sakkwato bai ga ƙauyen ba, takarda ya gani. Takardar ƙarya kuwa hukuncin zalunci ta ke haifarwa, ko da mai hukuncin adali ne.

An soke tsarin En'e a 1976, aka kafa ƙananan hukumomi, a 1996 kuma aka yi Jihar Zamfara. Amma da yawa daga takardun lardin Sakkwato na zamanin nan suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, masu bincike suna duba su, su san amfanin gona da yawan jama'ar wancan lokaci.

3. Ka'idodi biyar

In jama'arku sun ba ka riƙon littafi, ka kiyaye waɗannan.

Na fari, ka rubuta abu ran da ya faru, da kwanan wata. Abin da ka bari sai gobe, rabinsa ya zube.

Na biyu, ka bambanta gani da ji. Rubuta "na auna" inda ka auna, "an ce" inda aka gaya maka, ka kuma sa sunan wanda ya faɗa.

Na uku, kowane abu da gurbinsa. Kuɗi da littafinsu, sunayen mutane da nasu, shawarwarin taro da nasu. In an yanke shawara, ka rubuta dalilinta, domin na baya su san abin da ya sa.

Na huɗu, ka yi kwafi biyu, ɗaya ya kwana wani gari. Ka san yadda rashin zaman lafiya ya tashi ƙauyuka a ƙasar Zamfara. Ran da mutane suka koma, takarda ce za ta raba gardamar iyakar gona. In da mai waya a cikinku, ya ɗauki hoton kowane shafi.

Na biyar, ka koya wa wani. Littafin na jama'a ne, amana ce a hannunka. Ran da za ka sauka, ka zauna da magajinka, ku bi shi shafi shafi.

4. Misali

A ce ƙungiyarku a Tsafe tana da mutum 40, bara an ba kowa bashin taki. Bana wani ya miƙe ya ce, "Mutane ba su biya, a daina." Taro ya ruɗe. Sai ka buɗe littafi, ka karanta: mutum 30 sun biya da kaka, 6 sun makara domin ruwa ya ci gonakinsu na fadama, amma sun cika daga baya, 4 ne kaɗai shekara biyu ba su kawo kome ba. Nan da nan hanya ta fito. A ci gaba da ba 36, a kira 4 ɗin nan a ji uzurinsu. Da ba don littafi ba, da laifin mutum 4 ya hana 36 taki, gidaje da yawa su kwana da yunwa baɗi.

Saboda haka, kafin a fara gardama a taro, a fara karanta abin da aka rubuta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tambayoyi

1. Me ya sa littattafan da aka kwafa suka fi daɗewa?
2. In sunan wanda ya ƙaura ya zauna cikin littafin haraji, wa ya ke cutuwa?
3. Je ka wurin wani dattijon unguwarku, ka tambaye shi shekarun fari da ya tuna, ka rubuta, ka kawo wa malaminku.