Kare Tsuntsayen Bakin Ruwa a Lokacin Sauya Gashi

Jama'a, a cikin halittun Allah akwai tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki, waɗanda ke kiwo cikin taɓo a bakin ruwa. Da yawansu can arewacin Turai da Saberiya suke yin ƙwai. Idan 'ya'ya suka tashi, gashin iyayen ya riga ya ƙoƙe saboda rana da doguwar tafiya, dole su zubar da shi su tsiro sabo.

Me ya sa wannan lokaci yake da haɗari?

Gashin fiffike ba rana ɗaya yake zuba ba. Ɗaya bayan ɗaya yake faɗuwa, daga ciki zuwa waje, aikin yakan ci wata biyu zuwa uku. Duk tsawon lokacin akwai giɓi a fiffiken, tashi yana yi wa tsuntsu wuya, ga shi jikinsa na neman ƙarin abinci don gina sabon gashi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsuntsun da aka hana shi ci da hutu a wannan lokaci, ƙarfinsa zai ƙare a hanya.

Yadda wasu suka yi

A gaɓar Holan da Jamus da Denmak akwai Tekun Wadin, inda tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ke yada zango kowace shekara. Daga Yuli zuwa Oktoba da yawansu ke sauya gashi a nan. Sau biyu a rana ruwa yake janyewa, su bi taɓo suna zaƙulo tsutsa da ƙananan dodon koɗi. Idan ya dawo, sai su cunkushe a kan 'yan tudun yashi su huta. A nan kare guda ko kwalekwale guda zai tashi dubbai, su yi ta shawagi suna ƙone abin da suka ci. Don haka hukuma ta rufe wasu wuraren, ta sa masu gadi a tsibirai. A 2009 UNESCO ta sa tekun cikin wuraren gadon duniya.

Ina ruwanmu?

Wasu irin tsuntsayen nan ba sa gama sauya gashi sai sun ƙetare Sahara sun sauka a Tafkin Cadi da fadamun Haɗejiya da Nguru. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Abin da ya kamata mu yi

Maharbi ya ɗaga wa baƙin tsuntsaye ƙafa. Iyaye su hana yara ɗana tarko da harbi da danƙo a bakin fadama. Manomi ya guji wanke tankin feshi a cikin ruwa. Masu unguwanni da sarakunan ruwa su keɓe wuraren da tsuntsaye ke kwana. Hukuma kuma ta riƙa sako ruwan madatsu a kan kari, domin ruwan da ke ciyar da tsuntsu shi ke ciyar da masunci da makiyayi da mai noman shinkafa.