Baiwa Marar Iyaka a Ƙagaggen Labari

A hutun bara na sayi wani littafin matasa a Tsohuwar Kasuwar Gombe. Tauraruwarsa 'yar shekara 15 ce, mai jin abin da ke zukatan mutane. Na ɗauka da zumuɗi, na ajiye da takaici.

Matsalar tana ga zubi. Duk rikicin da ya kunno kai, nan take baiwar ke kashe shi. Yarinyar ba ta taɓa yin asara ba, balle zuciyar mai karatu ta buga dominta.

Mu dubi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951). Sai da Iliya ya daɗe a gurgunce kafin ya sami ƙarfi, shi ya sa muke tausaya masa.

Saboda haka 'yan'uwa ɗalibai masu sha'awar rubutu, in kun ba tauraro baiwa, ku yi mata iyaka, ku bar shi ya ɗanɗani wuya.